Haƙuri da Adalci a Aikin Matakalar Bene

Duk wanda Allah ya hore wa ikon sabunta gidansa na bene, har ya ƙudura aniyar ɓamɓare tsohuwar matakala ya maye ta da katakon maɗaci ko na loko, wajibi ne ya sani cewa sharaɗin farko shi ne haƙuri, domin itacen da aka kafa da ɗanyensa cikin damina, da zarar hunturu ya buso, sai ya tsuke, ya tsattsage, kowane mataki ya riƙa kuka ƙarƙashin ƙafa. Ni kaina na ɗanɗana wannan, sa'ad da wani kafinta ya rantse mini katakonsa ya bushe, amma kafin wata uku har kwabo nake cusawa tsakanin allunan. Sharaɗi na biyu kuwa adalci ne a awo, bisa ƙa'idar da masanin gini na Faransa, François Blondel, ya shimfiɗa tun ƙarni na 17, wato ninki biyu na tsayin mataki, idan aka tara da faɗinsa, ya kama kimanin santimita 64. Mataki guda da ya saɓa wa 'yan'uwansa ya isa ya kayar da dattijo mai saukowa sallar asuba. Daga nan sai a goge katakon da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana bin jijiyar itacen, a shafa maganin gara, sa'an nan fenti mai bayyana launin itace har sau uku, kowanne sai na ƙarƙashinsa ya bushe. A ra'ayina a guji mai walƙiya ƙwarai, saboda santsinsa fitina ne ga yara da tsofaffi, alhali kuwa maslahar masu hawa ita ce manufar aikin.