Giga nawa ya ishe ka a na'urar kallo ta talabijin?

 Yanzu hutu ya matso, kuma na san akwai masu tara 'yan kuɗi don sayen irin 'yar na'urar nan da ake maƙala wa talabijin, ta haɗa shi da intanet a riƙa kallon YouTube da Netflix da sauransu. Wata kamar filash take, wata kuma ɗan akwati ce. Da ka shiga shago, abin da mai kaya zai fara jefo maka shi ne: “Mai giga nawa kake so?” A nan ne da yawanmu muke biyan kuɗin abin da ba za mu taɓa amfani da shi ba.

Mu fara da abin da ya fi ruɗa mutane. Na'urar kallo ba ta ajiye fim ɗin da kake kallo. Tana janyo shi ne daga intanet kaɗan-kaɗan, ta riƙe abin da ke gaba na ɗan lokaci, ka kalla, ta zubar, ta janyo na gaba. Ko fina-finan Kannywood ɗari ka kalla a YouTube cikin wata guda, ma'ajiyarta ba za ta cika saboda su ba. Netflix ma da ke bari ka sauke fim a waya ko kwamfutar hannu, ba ta ba da wannan damar a na'urorin talabijin. Ashe in don ka tara fina-finai ka kalla ranar da babu data ne kake son mai giga da yawa, ka san ba haka abin yake aiki ba.

To me ke cinye wurin? Na farko, tsarin da ke tafiyar da na'urar kansa. Ɗauki misalin Chromecast mai Google TV da ya fito a 2020. An rubuta masa giga 8, amma abin da ya rage wa mai shi bai kai giga 5 ba, sauran tsarin ya cinye. Na biyu, manhajojin da ka zuba. Na uku, tarkacen da manhajojin ke tarawa a ɓoye, kamar ƙananan hotunan fina-finai da bayanan wucin gadi. Na huɗu, wasanni, waɗanda su ne manyan maciya, don wasa guda mai kyan zane zai iya lashe giga da dama shi kaɗai.

Ga yadda nake ganin lissafin. In manhajojinka ba su wuce biyar ko shida ba, giga 8 zai riƙe ka, irin wanda ke cikin Fire TV Stick na Amazon ko Xiaomi TV Box S na 2023. Sai dai ka saba da shiga saituna lokaci-lokaci kana share tarkace da cire manhajar da ka daina buɗewa, domin in wuri ya ƙure, sabunta manhaja ma gagara yake yi. In gidanku mai yawa ne, Baba na son labarai, Umma na son wa'azi da shirin girki, ƙanne na son katun, kai kuma ƙwallo, to giga 16 zuwa 32 ya fi kwanciyar hankali. Fire TV Stick 4K Max na 2023 yana da 16, Google TV Streamer na 2024 kuma yana da 32.

Sama da haka kuwa, sai mai wasanni. Apple TV 4K na 2022 ya zo kashi biyu: mai giga 64 a kan dala 129 a Amurka, da mai 128 a kan dala 149. Abin lura shi ne, ƙarin dala 20 ɗin ba wuri kaɗai ya saya maka ba, har da kafar jona wayar intanet kai tsaye, wadda ƙaramin ba shi da ita. Mai kallo kawai ba zai cika ko rabin 64 ba. Amma na Apple ba a ƙara masa ma'ajiya daga baya, abin da ka saya shi ke nan.

Mu da data ke wa tsada, akwai abin da ya fi yawan giga amfani: kafar filash. In na'urar na da ita, kamar akwatin Xiaomi, sai ka tura fina-finai ko darussan karatu a filash, ka jona, ka kalla da manhaja irin su VLC ba tare da ka ƙona ko sisi ba. Masu siffar filash galibi ba su da wannan kafa, sai ka sayi wata 'yar waya ta musamman. Ka tambaya kafin ka biya.

Kuma ka tuna inda kuɗin ke tafiya da gaske. A lissafin Netflix, awa guda na kallo na iya cin data har giga 1 a hoto na yau da kullum, giga 3 a mai kyau, giga 7 a 4K. Fim ɗin awa biyu a 4K ke nan zai iya kwashe giga 14. Ɗalibin da ya rage ingancin hoto a saituna ya fi wanda ya ƙara kuɗi don babbar ma'ajiya dabara.

Sai gargaɗi na ƙarshe. Akwai akwatuna marasa sanannen suna da ake rubuta wa giga 64 ko 128 a kwali, a farashin da bai kai na mai giga 8 na sanannen kamfani ba. Araha ba ta ado. Wasu an sauya musu lamba ne kawai don su nuna abin da babu. Ban da haka, a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana samun irin waɗannan na'urori ɗauke da muguwar manhaja da ke bai wa ɓata-gari damar amfani da intanet ɗin gidanka. Kada kuma ka rikita ma'ajiya da RAM: ita RAM ce ke sa na'ura ta yi sauri ko ta riƙa maƙalewa, kuma giga 2 zuwa sama ya fi dacewa.

Kafin ka fita kasuwa, ɗauki takarda ka rubuta manhajojin da za ka buɗe a kowane mako. Tsawon jerin nan shi zai gaya maka giga nawa za ka saya, ragowar kuɗin ka zuba data. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.