A Bar Yaro Ya Je Zangon Hutu

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, dogon hutu ya ƙarato, kuma na san gardamar da za ta tashi a gidaje. Yaro ya kawo takardar zangon hutu na kwana bakwai, Mama ta ce sam, Baba ya ce sai ya yi shawara. Ni dai ra'ayina a bar shi ya je, amma bayan an bincika.

Bari in gaya maka, ya kai mahaifi, yadda yini yake tafiya a can. Tun kafin assalatu ake busa usur. Yaron nan naka da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi, a can shi ne zai naɗe tabarmarsa ya bi layin alwala da ruwan sanyi. Bayan salla da karatu sai atisaye, sai shara, sannan koko da ƙosai. Daga nan kowane rukuni ya kama aikinsa: waɗansu ɗiban ruwa, waɗansu faskare, waɗansu gindin murhu. Ran farko shinkafa takan ƙone, ko ta yi caɓe, kuma dole a ci haka nan, don ba wata tukunya. Wallahi ran na uku za ka ga ɗan shekara goma sha biyu yana gwada gishiri kamar tsohuwar mai tuwo. Na taɓa ganin wanda ya koma gida ya ce wa mahaifiyarsa, "Mama, ashe haka hayaƙi yake da zafi a ido?"

Da hantsi ake koyon abin hannu: kafa tanti, ƙullin igiyar da ba ta zamewa, tsayar da jini, ɗaure karaya, da yadda ake haɗa gadon ɗaukar majiyyaci da sanduna biyu da riguna. Da la'asar kuwa a fita. Abin kunya ne a ce yaro an haife shi a Kano, bai taɓa hawa Dala ko Goron Dutse ba ya hango birninsa daga sama. In dare ya yi, hadari bai rufe sama ba, a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, a kewaye wuta ana kacici-kacici har barci ya ɗebe su.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce. Gaskiya ne a watan Agusta na 1907 wani sojan Ingila, Baden-Powell, ya kwashi yara wajen ashirin, 'ya'yan masu hali da na talakawa, ya kai su wani tsibiri, ya raba su rukuni huɗu, yana tashinsu da ƙaho da sassafe. Daga nan harkar 'yan sikawut ta samo asali. To amma me ya koya musu wanda ɗan kiwo a ruga bai sani ba? Bin sawu, hura wuta, kwana a fili. Iyayenmu sun samu wannan kyauta a gona da gayya da farauta. Shi ya sa yaron da zai yi damina yana taya Baba noma ban damu da shi ba, yana cikin nasa zangon. Damuwata ɗan birni ne, wanda zai yi wata biyu tsakanin ɗaki da waya.

Tsoron iyaye kuwa ba na wasa da shi. Wanda ya tuna ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba zai ji an ce "daji" hankalinsa ya kwanta ba. Don haka ba na goyon bayan a kai yara dawa su kwana. Harabar makaranta mai katanga a cikin gari ta wadatar, fita kuma da rana, a dawo kafin magariba.

Kai mahaifi, kafin ka sa hannu, taka da ƙafarka ka je ka gani. Malamai nawa ne za su kwana da yaran, kuma ka san su? Daga ina ake ɗibar ruwan sha? Wane asibiti ne kusa? Akwai gidan sauro? Damina ce, zazzaɓi ba ya jin "kwana bakwai ne kawai". Ka kuma tabbatar an hana wankan kududdufi, don can ake ɗauko tsargiya, ban da haɗarin nutsewa. In aka yi ta kame-kame wajen ba ka amsa, riƙe ɗanka.

Kai kuma ɗalibi, in Baba ya yarda, ɗauki tabarma, buta, tocila, kwano da cokali, da takalmin da zai iya dutse. Wayar nan bar wa Mama ta ajiye maka.