Darasin Tauraron Noor-1: A Sa Ido Kan Roka, A Yi Doka Ɗaya Ga Kowa

A ranar 22 ga Afrilu, 2020, dakarun juyin juya halin Iran suka harba Noor-1, tauraron ɗan Adam na soja na farko da ƙasar ta kai sararin samaniya. Daga hamadar da ke kusa da Shahrud aka cilla shi a kan roka mai suna Qased, ya zauna a falakinsa kimanin kilomita 425 daga doron ƙasa, yana kewaya duniya sau ɗaya cikin kusan minti 90. Ɗan ƙaramin akwati ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka a hannu. Ra'ayin wannan jarida shi ne, duk wanda ya tsaya auna girman tauraron ya bar inda maganar take, domin muhimmancin wannan gwaji yana ga rokar da ta ɗauke shi.

Janar John Raymond, shugaban rundunar sararin samaniyar Amurka a lokacin, ya raina tauraron, yana cewa juyawa kawai yake yi ba tare da saiti ba, kuma da wuya ya samar da bayanan leƙen asiri. Ko da hakan gaskiya ne, bai rage komai ba. A irin wannan tsayi akwai sauran iska kaɗan da ke rage wa tauraro gudu a hankali, shi ya sa Noor-1 ya gangaro ya ƙone a Afrilun 2022. Kafin faɗuwarsa Iran ta riga ta harba Noor-2 a watan Maris na shekarar, sannan Noor-3 ya biyo baya a Satumbar 2023, duk a kan Qased. Tauraron gwaji dama makaranta ce: injiniyoyi su koyi raba matakan roka a sama, su koyi kai kaya ga gudun da ya haura kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, su koyi magana da shi daga ƙasa. Wannan ilimi ba ya ƙonewa tare da tauraron.

Nan ne damuwar masu suka take, kuma tana da tushe. Matakin farko na Qased ya samo asali ne daga makami mai linzami, mataki na biyu kuma yana aiki da daskararren makamashi, irin wanda sojoji ke so saboda ba ya buƙatar dogon shiri kafin harbawa. Fasahar da ke kai tauraro falaki ta yi kusa ƙwarai da wadda ke kai makami wata nahiya. Sai dai masu wannan suka su ma akwai tambaya a gabansu. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta haramta ajiye makaman ƙare dangi a falaki, amma ba ta hana tauraron soja ba, kuma Amurka da Rasha da Sin suna da su da yawa. Wajen sukar harbin Noor-1, Amurka ta kafa hujja da ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2231, alhali ta fice daga yarjejeniyar nukiliyar Iran da ƙudurin ya amince da ita tun 2018. Dokar da mai ƙarfi ke ɗauka idan ta yi masa daɗi, ya ajiye idan ta matse shi, ba za ta samu biyayyar kowa ba.

Wasu za su ce tunda haka ne, a ƙyale kowace ƙasa ta harba abin da ta ga dama. Ba mu yarda ba. Roka da aka harba ba sanarwa tana iya sa maƙwabci ya zaci hari ne, kuma 'yan mintoci kawai yake da su ya yanke shawara. Akwai ƙa'idar Hague ta 2002 wadda ta nemi ƙasashe su sanar da juna kafin harba roka ko makami mai linzami. Iran ba ta shiga ba, haka ma Sin da Isra'ila da Pakistan. Muna kira ga Iran da ta shiga, domin mai cewa aikinsa na tsaron kai ne bai kamata ya ji tsoron sanarwa ba. Muna kuma kira ga manyan ƙasashe su matsa wa ƙawayensu su shiga kamar yadda suke matsa wa abokan gabarsu, domin ta haka ne kawai ƙa'idar za ta zama abin da kowa zai girmama.