Daga Gona Zuwa Bakin Titi

Jama'a, duk wanda ya yi sammako a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san abin da za mu faɗa. Tun kafin rana ta fito zai tarar da samari tsugune a bakin titi, wani da shebur, wani da diga, wani da kwanon ɗaukar yashi, kowa ya zuba ido yana jiran motar da za ta tsaya a ce ana son leburori uku. In ta tsaya, mutum talatin za su ruga. Cikinsu akwai wanda ya baro gonar ubansa, akwai kuma wanda takardar shaidar makarantarsa ke ninke a aljihu. Ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata mu waiwaya mu ga hanyar da ta kawo su nan.

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai cikin 1960, kusan mutum bakwai cikin goma na masu aiki manoma ne, kuma da guminsu ake riƙe Gwamnati. Koko a Yamma, manja a Gabas, gyaɗa da auduga da fatu a Arewa. Ba ƙasar da ta kai tamu fitar da gyaɗa a wancan zamani, dalar gyaɗa ta Kano kuwa har a duniya an san ta. Ba mu ce talaka yana cikin daula ba a lokacin, domin Hukumar Ciniki ta sha sayen amfaninsa da araha ta sayar da tsada. Amma fa yaro ya san aikin da zai tashi ya yi.

Aka sami mai a Oloibiri cikin 1956, aka fara fitar da shi cikin 1958. Bayan yaƙin basasa kuɗinsa suka kwararo, masu mulki suka juya wa gona baya. Fari ya zo cikin 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya cikin 1975, ga kuma ƙarin albashin Udoji na 1974 da ya sa kowa ya ga birni ne wurin arziki. Dalar gyaɗa ta ɓace, samari suka fara kwararowa birane. Abin da ba a gaya musu ba shi ne, man nan da ke kawo mafi yawan kuɗin da ƙasa ke samu daga waje bai ɗauki ko mutum ɗaya cikin ɗari na masu aiki ba. Rijiyar mai injuna take so, ba ta bukatar hannaye.

Barin gona ba abin kuka ba ne in akwai inda za a nufa. Haka Ingila ta yi, haka Koriya ta Kudu da Sin suka yi: manomi ya bar garma, ƙofar ma'aikata ta buɗe masa. Mu ma ƙofar ta fara buɗewa. An kafa masaƙar Kaduna cikin 1957, ta United Nigerian Textiles ta biyo cikin 1964, har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, jiniya na kiran masu aikin safe da na dare. A Kano ga Bompai da Sharaɗa da Challawa. Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975. Saƙa ita ce ta fi kowace sana'ar inji ɗaukar mutane a ƙasar nan, kuma bayan kowane ma'aikaci akwai manomin auduga a Funtua ko Gusau, da mai gurza, da direba, da mai tuwo a ƙofar ma'aikata.

To, ina suke yau? Cikin 1986 Gwamnatin soja ta kawo shirin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara saye, aka rushe hukumomin ciniki ba tare da an kafa abin da zai tsaya wa manomin auduga ba. Cikin 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi. Atamfar waje ta cika Kantin Kwari, wata ta ƙofa wata ta ɓarauniyar hanya. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi wuya. Masaƙar Kaduna ta rufe cikin 2002, babbar 'yar'uwarta ta tsaya cikin 2007. Ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta kuwa, wadda aka soma cikin 1979, har yanzu ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba.

Ga yadda lissafi ya tsaya. Cikin 1991 kamar rabin masu aiki suna gona, yau ba su kai huɗu cikin goma ba. Waɗanda suka fita daga gona, kaɗan ne ƙwarai suka shiga ma'aikatu. Sauran sun taru a abin da masana ke kira ayyukan hidima. Sunan yana da daɗin ji, amma mu da ke zaune cikin jama'a mun san fassararsa: talla, dako, ga-ruwa, cajin waya, tura baro, acaɓa. Da aka hana acaɓa a Kano cikin 2013, aka koma A Daidaita Sahu. Duk sana'o'i ne na halal, ba mu raina ko ɗaya ba. Amma mutum goma ne ke rabon cinikin mutum biyu, ba albashi, ba fansho, ranar da ciwo ya kwantar da kai ranar tukunya ta huta.

Yanzu sai maganar alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari, tsakanin masu shekara 15 zuwa 34 kuwa kashi 42.5. Cikin 2023 hukumar ta sake ma'auni, sai ga adadin ya koma kashi 4.1. Shin an buɗe masaƙa ne a tsakani? A'a. A da, wanda bai yi aikin awa ashirin a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon ma'auni, wanda ya yi awa ɗaya tak a mako don samun kuɗi ya zama ma'aikaci. Ba mu ce an yi ƙarya ba, ma'aunin da ƙasashen duniya ke bi ke nan. Sai dai an ɗinka rigar ne don ƙasashen da marar aiki ke karɓar taimako daga Gwamnati. A nan wa zai zauna mako guda bai taɓa kome ba ya rayu? Takardar nan ta hukumar ita da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki, aikin buga-buga suke yi wanda ba ya cikin rajistar kowa. Duk mai mulkin da ya ɗauki kashi 4 ya yi tutiya da shi, ya bar kashi 90, ya ci amanar lissafi.

Kuma lokaci ba ya jira. Ƙidayar 1963 ta ba mu mutum miliyan 55, ta 2006 miliyan 140, yau mun haura miliyan 200, kusan rabinmu ba su wuce shekara 18 ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan uku da rabi ke isa neman aiki. Me aka tanadar musu? An yi NDE zamanin soja, an yi NAPEP cikin 2001, an yi SURE-P cikin 2012, an yi N-Power cikin 2016. Kowace Gwamnati da sabon suna da sabuwar hula, a yi biki, a raba kekunan ɗinki, a ba yaro ɗan alawus na wani lokaci, sa'an nan a sallame shi ya koma inda ya fito. Wannan laifi ba na jam'iyya ɗaya ba ne, soja da farar hula duk sun sa hannu. Amma wanda ke riƙe da akala yau shi za a tambaya.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da na Jihohi da su yi abu huɗu. Na farko, a ba unguwannin ma'aikatu wutar lantarki tsayayya a kan kuɗin da mai inji zai iya biya, domin ba wanda zai yi gasa da yadin waje yana ƙona man dizal. Na biyu, a tsare gona. Manomin Zamfara ko Katsina da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yi shuka ko girbi, ɗansa lalle birni zai gudu. Na uku, a haɗa gona da inji, watau auduga da gyaɗa da tumatir da fatu a sarrafa su a nan inda ake samunsu, a kuma gyara makarantun koyon sana'a don su fitar da masu walda da masu gyaran inji waɗanda ma'aikata za ta ɗauka. Na huɗu, a riƙa buga wa jama'a lissafi kowace shekara, jiha jiha: mutum nawa ke aikin albashi, a wace sana'a, nawa suke samu.

Ku kuma 'yan'uwa masu ƙuri'a, in mai neman kujera ya zo ƙofarku da atamfa da sabulu, ku juya atamfar ku duba inda aka saƙa ta, sa'an nan ku tambaye shi ma'aikata nawa aka buɗe a mazaɓarsa tun da ya hau. Saurayin da ya rasa aikin yi, wani zai ba shi, ko ɗan siyasa mai neman 'yan sara-suka, ko mai bindiga a daji, ko mai safarar mutane ta Agadas zuwa Libiya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa masu kunne su ji.