Wai Shin Mene Ne Aikin Kansila A Kafanchan?

Duk mutumin kudancin Kaduna da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin labarin da kan iso masa daga gida. A ce kansilan mazaɓa kaza ya gyara famfon burtsatse har an kafa rumfa an yi kaɗe-kaɗe, ko ya raba wa marayu shinkafa, ko kuwa ya dasa itatuwa goma a bakin makarantar firamare aka ɗauki hoto. Nan da nan sai ƙungiyoyin 'yan gari na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su shiga sa albarka, har a tara kuɗi a aika masa da lambar yabo. Babu mai tambayar ko itatuwan nan goma sun ga damina ta biyu, balle a tambayi adadin waɗanda aka sare a mazaɓar tasa a wannan makon. Wannan yabo na rashin bincike shi ne ya ɓata kujerar kansila, ya mai da ita ta mai rabon goro a wajen suna da biki.

Alhali kuwa aikin a rubuce yake. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawar da tsarin En'e, aka ɗora wa majalisun nan hidimar da ta fi kusa da talaka. Tsarin mulkin 1999 kuma ya jera ta dalla-dalla a Jadawali na Huɗu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, bayan gida na jama'a, maƙabartu, titunan cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, da sa hannu wajen ilmin firamare da kiwon lafiya da raya noma da albarkatun ƙasa in ban da ma'adinai. Ƙaramar Hukumar Jema'a, wadda hedkwatarta ke Kafanchan, tana da mazaɓu 12, daga Kafanchan A da B zuwa Takau, Kaninkon, Kagoma, Godogodo, Jagindi, Gidan Waya da sauransu. Kansilolin nan 12 su ne majalisar da doka ta ba ikon duba kasafin kuɗin shugaba, da amincewa da shi ko ƙin amincewa, da kafa dokokin cikin gida. Watau dai kansila ɗan majalisa ne. Wanda ya bar wannan aiki ya koma sayen soyayyar jama'a da buhun shinkafa ya gudu daga bakin aikinsa ne, ko da kuwa daga aljihunsa ya saya.

Dattawan Kafanchan ba su manta da duba-gari ba. Garin nan layin dogo ne ya raya shi, tun da hanyar jirgi daga Fatakwal ta iso a 1927 ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos. Fantsuwam da Hausawa da Kaninkon da Bajju da Ibo da Yarabawa suka taru wuri guda, aka yanka unguwanni a jere da kwatoci. A wancan zamani mutum guda mai kaki da ludayi yakan shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa maigida ya sha tara. Babu mai marmarin bulalar En'e ta dawo, domin an sha zalunci a ƙarƙashinta. Amma abin kunya ne a ce hukumar da ba a zaɓa ba ta iya tsare kwata, sa'an nan wadda aka zaɓa ta zuba ido leda ta toshe magudana, ruwan Agusta ya bi ta ɗakunan mutane, shara kuma ta gangara Kogin Wanda ake kira Wonderful, kogin da ke zubowa daga tsaunin ruwa na Matsirga da ake kai baƙi kallo.

Masu kare kansiloli suna da hujja guda, kuma ba ƙarya suke yi ba: babu kuɗi a hannunsu. Sashe na 162 na tsarin mulki ya buɗe asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, gwamnoni kuwa a faɗin ƙasar nan suka riƙe bakin jakar shekara da shekaru. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo, ko da yake an shafe watanni bayan hukuncin ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi zaɓe a Jihar Kaduna, hukumar zaɓen jiha ta bayyana cewa jam'iyya mai mulki ta cinye kujerun shugabanni 23 da na kansiloli 255 baki ɗaya. Haka aka gani a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da gidan gwamnati. Kansilan da ya san daga sama aka miƙo masa kujera, sama zai riƙa duba.

To, an ji. Amma nawa ake kashewa kafin a kafa doka? Ga maganar gawayi. Duk mai bin hanya daga Kafanchan zuwa Kwoi ko zuwa Gidan Waya ya ga buhuna jibge a bakin titi suna jiran manyan motoci. Masu ƙona gawayi ba sa taɓa ruɓaɓɓen itace. Kirya suke nema da marke da kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da sukan ɗauki shekaru masu yawa kafin su girma, waɗanda kuma mata ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su. A ramin ƙasa irin na gargajiya sai an ƙone itace mai nauyin buhu biyar ko fiye kafin a sami buhu ɗaya na gawayi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, tsadar kananzir da iskar gas ta kora gidaje da yawa zuwa ga kurfoti, ciniki ya ƙara buɗewa. Gandun dajin Nimbia, wanda aka fara dasawa a 1957, na gwamnatin jiha ne, kuma ko shi bai tsira daga masu zarto ba. Amma dajin ƙauye da bakin rafi da itatuwan gona suna ƙarƙashin idon dagaci da mai unguwa da kansila. Majalisa tana iya hana saran kaɗanya da ɗorawa, ta hana ƙona gawayi a bakin rafi, ta wajabta wa mai lodin mota ya nuna takarda, ta ware rabon kuɗin shiga domin renon dashe. Wannan zama ɗaya ne na mutum 12 da alƙalami. Abin da ya hana shi ne, kowace mota da ta tashi tana barin ɗan wani abu a shingen karɓar haraji, kuma babu mai son toshe rijiyar da yake sha.

Wanda zai fara ɗanɗana kuɗarsa shi ne manomin citta. Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a su ne rumbun cittar Nijeriya, citta kuwa tana son ƙasa mai laima, sai an lulluɓe kunya da ganye bayan shuka. Daji ya tafi, ganyen ya tafi, ruwan sama ya wanke taki ya bar tsakuwa. Annobar da ta ruɓar da citta a gonaki a 2023 cuta ce daban, amma ta nuna wa kowa yadda gidaje dubbai suka rataya a wuyan amfanin gona ɗaya, da yadda samari ke komawa ga gatari da zarar gona ta gaza.

A nan kuma laifi ya biyo mazauna Kudu har ƙofar ɗaki. Motar da ta yi lodi a gefen Kafanchan ba a sama take sauke kaya ba. Mai gasa masara da mai dafa abincin sayarwa a Mile 12, da maigidan da ya sayo buhu ya ajiye a lungu, wataƙila inuwar gonar kakansu suke hurawa. Ba a ce kowa ya kwana da yunwa ba, talauci ne ya kai mutane ga gawayi. Amma wanda ke aika kuɗi gida duk wata, ya biya kuɗin makarantar ƙanne, ya gina gidan bulo, maganarsa tana da nauyi a ƙauye fiye da yadda yake zato. Sau da yawa shi ne ma yakan yanke wa dangi wanda za su zaɓa. Abin takaici, tambayar da yakan yi ita ce ɗan wace ƙabila ne ɗan takara, coci yake zuwa ko masallaci. Garin da ya ga rikicin 1987 da gobarar kasuwa ta 2011 ya isa ya gane wa wannan tambaya take yi wa amfani: ɗan siyasar da ba shi da kwata ko ɗaya da zai nuna.

Ga watan Disamba nan yana zuwa kowace shekara, motoci su cika da masu komawa gida Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro na ranar 1 ga Janairu, wasu kuma su jira Salla. Ƙungiyar 'yan gari da ta iya tara kuɗin lambar yabo ta iya tura mutum uku sakatariyar Kafanchan su nemi ganin kasafin kuɗin shekara, su tambayi sau nawa majalisa ta zauna, wace doka kansilansu ya gabatar a kan shara da saran itace, da kuma inda kuɗin da ake karɓa a kan kowace motar gawayi yake shiga. In an ce babu takarda, su rubuta ranar da sunan ofishin da ya hana, su karanta a taron ƙungiya na gaba kafin a buɗe maganar gudummawa.