Tufafin Kakanninmu Amana Ne

An kafa gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano da na Jos, wanda aka buɗe a 1952, domin jikokinmu su ga aikin hannun kakanninsu. Amma a cikin kayan tarihi babu mai saurin lalacewa kamar tufa. Tukunyar ƙasa tana iya yin shekara dubu. Rigar saƙi kuwa, ko ta tsamiya, ko turkuɗi, damina ɗaya ta isa ta gama da su.

Babban abokin gāba shi ne yanayinmu. Da hunturu, danshin iska a Arewa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai zare ya bushe ya yi gautsi. Da damina kuma ya haura 80, fumfuna ta kama, asu da kyankyasai su sami gida. Zaren auduga yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan kai da komo shi ne ke tsinka shi. Masana adana kayan tarihi sun fi son danshi ya tsaya wajen kashi 50, kada ya yi ta hawa da sauka.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa maganin abin shi ne a sayo na'urar sanyaya ɗaki. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, na'urar za ta sanyaya ɗaki da safe, da rana ya koma tanda. Wannan ya fi rashinta ɓarna. Ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda wasu ke rainawa, ya fi ɗakin kwano riƙe yanayi ɗaya dare da rana.

Abin da ake bukata ba shi da tsada: ma'aunin danshi a kowane ɗaki, da ma'aikacin da zai rubuta abin da ya nuna kullum. A toshe yoyo kafin ruwan fari. A shimfiɗa manyan riguna ko a naɗe su a farin ƙyalle, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a kuma tare hasken rana, domin yana kashe launi.

'Yan'uwa, maganar ta shafe mu a Ikkilisiya. Tsofaffin rigunan fastoci, da tutocin zumuntar mata, da mayafan bagade suna jibge a akwatunan ƙarfe a bayan majami'u da dama, tsatsa tana cin su. Mu da muke wa'azi a kan riƙon amana, ya kamata mu fara daga gida. Kowane kwamitin majami'a ya buɗe akwatinsa tun damina ba ta faɗi ba. Hukuma kuma ta ware wa gidajen tarihi kuɗin wannan aiki, gama rigar da ta ruɓe ba mai sake saƙa ta.