Farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro: ba kowane magani ne nata ba

Da zarar an ce farfaɗiya, abin da ke zuwa a ran mutane shi ne wani ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa. Akwai kuwa wata iri da ba ta kayar da kowa. Yaro na cikin karatu ko cin abinci sai ya tsaya cak, ya ƙura ido wuri guda, a kira shi bai amsa ba. Bayan daƙiƙa 10 ko 15 ya ci gaba da abin da yake yi, bai ma san ya tsaya ba. Wannan ita ce farfaɗiyar ɗaukewar hankali. Takan fara ne tsakanin shekara 4 zuwa 10, ta fi kama 'yan mata, kuma tana iya maimaituwa sau da dama a yini guda.

Irin waɗannan yara sun sha bulala a makarantar boko da ta allo bisa zargin daƙiƙanci ko raini. A gida kuma a ce iska ce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Amma babban haɗarin yakan zo ne ranar da iyaye suka gane ciwo ne, suka nufi kemis.

Mai kemis da ya ji kalmar farfaɗiya, abin da zai miƙo mafi yawanci carbamazepine ne, wanda aka fi sani da Tegretol, ko phenobarbitone, domin su ne a kusa. Sai dai carbamazepine da phenytoin, duk da amfaninsu ga wasu nau'o'in ciwon, suna iya ƙara tsananta wannan nau'in. Uba ya biya kuɗinsa, ciwon 'yarsa ya ƙaru, sai ya yanke cewa maganin asibiti ba ya yi. Bai kamata a sayar da waɗannan magunguna ba tare da takardar likita ba, kuma sakacin hukumomi a nan yara ne ke biyan kuɗinsa.

Magungunan da likitoci ke bayarwa, bayan gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, su ne ethosuximide da sodium valproate da lamotrigine. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna biyun farko sun fi na ukun tsayar da ciwon, kuma ethosuximide ya fi barin yaro da natsuwarsa a aji. Matsalar ita ce ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba.

Kowannensu da sharaɗinsa. Lamotrigine da kaɗan ake farawa, ana ƙarawa sannu a hankali; idan ƙuraje suka feso, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki, a garzaya asibiti a ranar. Valproate na iya taɓa hanta, don haka amai mai naci, ciwon ciki ko idanu su yi rawaya ba abin jira ba ne. Mafi nauyi shi ne batun ciki: cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha valproate suna ɗauke da su, kimanin 10 kan zo da nakasa, 30 zuwa 40 kuma su sami tangarɗar koyo ko girma. A yankin da ake aurar da yarinya da wuri, dangi kuma na ɓoye ciwon don kada a fasa auren, wannan magana ce da dole likita ya yi da iyaye tun kafin a sa rana. Wadda ta riga ta sami ciki kada ta daina sha da kanta, ta je asibiti da gaggawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dakatar da magani don yaro ya yi wata biyu lafiya, ko don kuɗi sun yanke. Yankewa farat ɗaya na iya dawo da ciwon da ƙarfi. Yawancin yaran nan suna rabuwa da shi yayin da suke balaga, amma likita ne ke rage maganin mataki-mataki, galibi bayan shekara 2 ba tare da ciwon ya tashi ba. Wanda ya kai munzalin azumi, a nemi likita ya duba ko za a daidaita masa lokutan sha da sahur da buɗa-baki. Kafin ciwon ya lafa kuma, kada a aike shi rijiya ko rafi ko bakin murhu shi kaɗai.